Gwaji ya ce Baba na samun sauƙi, amma ciwon ƙashi ya hana shi sakat: ku ba ni shawara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta hirarrakinku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango.

Mahaifina shekararsa 64. Wata biyar ke nan da aka tabbatar mana mayeloma ce ke damunsa, kansar nan da ke tasowa a cikin ɓargo. Kafin a gano ya fi shekara yana kukan baya, mu kuma muna cewa girma ne ya zo, sai ranar da ya sunkuya zai ɗaga bokitin ruwa ya kasa miƙewa. Hoto ya nuna gaɓoɓi biyu na ƙashin bayansa sun lotsa, ga ramuka a haƙarƙari da ƙugu. Yanzu ana masa allurar Velcade, yana shan Revlimid da deksametason. A zuwanmu na ƙarshe likita ya ce furotin ɗin da cutar ke zubawa a jini ya ragu ƙwarai, magani na aiki. Mun yi murna. Amma ni da ɗakina ke jikin nasa, ina jin nishinsa duk sa'ad da zai juya a kan gado. Ko tari zai yi sai ya dafe haƙarƙari tukuna.

Abin da ya fi ƙona mini rai, in likita ya ce masa ya jiki, sai ya ce "da sauƙi", shi ke nan. An rubuta masa mofin na ruwa, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, ya sha kwana uku ya ajiye. Ya ce ba zai zama ɗan ƙwaya da furfurarsa ba, kuma ai wanda aka fid da rai da shi ake ba wannan magani. Yayana ya riƙa sayo masa dikulofenak, kuma gaskiya yana jin daɗinsa, kusan kullum sai ya sha biyu. Mama da Yaya sun hana shi sauka daga gado in ba kewayawa zai yi ba, gudun kada wani ƙashin ya sake karyewa. Mutumin da in yana gida muryarsa ce ke cika ko'ina, yanzu bango yake kallo. Shekaranjiya ya ce mini, "Kun binne ni tun ina numfashi." Daren nan ban runtsa ba.

Don Allah waɗanda suka san cutar nan, me ya sa gwaji ke kyau amma ciwo bai tafi ba? Mu ci gaba da kwantar da shi, ko mu bar shi ya motsa? Ta yaya zan shawo kansa a kan maganin?

Wani ɗan'uwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ni dai da bayana ya riƙe, tausa mai ƙarfi aka yi mini da ibufurofen, cikin sati na warware. Ku samo wanda ya iya tausa sosai.

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen masu kansa:

Malam, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma bayanka da na Baba ba ɗaya ba ne. Naka tsoka ce ta riƙe, nasa ƙashi ne ya rarake. Tausa mai ƙarfi, ko lanƙwasa baya har ya yi ƙara, na iya karya masa haƙarƙari ko wata gaɓar nan take. Shafa a hankali da tafin hannu a kafaɗa ko ƙafa ba laifi, danna ƙashi ne ba a yi.

Ƙanwata, kafin komai, a ɗauke dikulofenak ɗin nan daga ɗakinsa yau, ba gobe ba. Shi da ibufurofen da danginsu suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ita kuwa ƙodar mai mayeloma dama a wahale take, don ɓurɓushin furotin ɗin cutar yana toshe ƙananan hanyoyinta. Na ga waɗanda suka shigo da ƙafarsu suka ƙare a na'urar wankin ƙoda ta dalilin ƙwayoyin nan. Ki faɗa wa likitansa gaskiyar kwana nawa ya yi yana sha, a duba ƙodar. Kada ki ɓoye don kare Yaya, ba laifi ake nema ba. Farasitamol bai da wannan illar, amma kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas mai miligiram 500, kuma in ya rame sosai likita zai rage. A riƙa auna zafin jikinsa kafin ya sha, domin yana ɓoye zazzaɓi. Ruwa kuma ya sha sosai, lita 2 zuwa 3 a yini, sai fa in likita ya taƙaita masa.

Ga abin da nake so ki rubuta ki manna inda kowa zai gani. In ƙafafunsa suka yi nauyi ko suka fara mutuwa, in ya ji ciwo ya zagaye ƙirji ko ciki kamar an ɗaure shi da igiya, in fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zubowa bai sani ba, haka ma bayan gida, to ƙila laka ce aka danne. Ba a jiran gari ya waye. A kai shi asibiti a kwance, a nemi hoton MRI a ranar, domin jinkirin yini ɗaya kan raba mutum da tafiya har abada. Haka in ƙishirwa ta yi yawa, fitsari ba tsayawa, ga tashin zuciya da ruɗewar magana, kalsiyam ne, sinadarin da ke cikin ƙashi, ya hau a jini. In zafin jiki ya kai digiri 38, shi ma asibiti kai tsaye.

Wani likita:

'Yar'uwa, ban ga Baba ba, don haka abin da zan faɗa ki kai shi gaban likitansa ne ku tattauna. Bari in ɗauki tambayarki ta farko, don ita ce ke ruɗa iyalai da yawa.

Ƙashi ba busasshen abu ba ne, kullum cikin gyara yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai magina da ke bin bayansu suna cikewa. Ƙwayoyin mayeloma suna zuga masu kankara, su kuma ɗaure hannun magina. Sai ƙashin ya koma kamar azarar da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa rami. Kusan takwas cikin goma na masu cutar ana samun wannan ɓarnar a ƙashinsu tun ranar da aka gano ta, kuma hoto na yau da kullum ba ya nuna ramin sai kusan kashi 30 cikin 100 na ƙashin wurin ya tafi. Shi ya sa mutum kan daɗe yana ciwo ana ce masa hotonsa ba komai.

Maganin da Baba ke karɓa ya kori garar, abin da gwajin jini ke nunawa ke nan. Amma azarar da aka ci ba ta komawa yadda take. Ramukan mayeloma ba kasafai suke cikewa ba ko da cutar ta kwanta, gaɓar da ta lotsa kuma ta lotsa. Saboda haka ciwon da ke tashi in ya juya ko ya yi tari ba shaida ba ne cewa magani ya gaza. Ciwo ne da ke da nasa magani daban, kuma dole a bi shi daban.

Na lura ba ki ambaci maganin ƙarfafa ƙashi ba. Ana masa Zometa? Ƙarin ruwa ne na miligiram 4 da ake sawa a jijiya cikin minti 15 ko fiye, duk sati uku zuwa huɗu, yana rage wa masu kankarar nan ƙarfi. A wani babban bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 1,960, aka wallafa a 2010, waɗanda aka ba shi sun fi waɗanda aka ba tsohon maganin sha ƙarancin karaya, kuma tsawon rayuwarsu ya ƙaru da kimanin wata biyar da rabi. Ana duba ƙoda kafin kowane zagaye. In ƙodar ta yi rauni akwai Xgeva, allurar ƙarƙashin fata duk sati huɗu, wadda Amurka ta amince da ita ga masu mayeloma a 2018, sai dai tana iya saukar da kalsiyam sosai kuma ba a yanke ta kwatsam. Dukansu biyun sai likitan haƙori ya duba baki kafin a fara, domin cire haƙori bayan an fara na iya barin rauni a muƙamuƙi da ke ƙin warkewa.

In kuma ciwon a wuri ɗaya ya taru, wanda zai iya nuna shi da yatsa, a yi maganar rediyoterafi, wato ƙona cutar da wani haske na musamman. Mayeloma na jin hasken nan ƙwarai, wani lokaci zama ɗaya tak ya isa, ko da yake ciwon kan ɗan tashi kwana biyu kafin ya sauka. Ga gaɓar da ta lotsa kuma akwai aikin da ake ɗura wani irin siminti na asibiti a cikinta ta allura, ta daina motsi. Ba kowa ya dace da shi ba, hoto ne zai nuna.

Wani dattijo mai ɗauke da cutar:

'Yata, shekarata shida da cutar nan, kuma duk abin da mahaifinki ya faɗa na faɗe shi da bakina. Ki karanta masa wannan in zai saurara.

Ɗan'uwana, "da sauƙi" amsar mai gaisuwa ce, ba amsar likita ba. Likita ba duba yake yi ba, abin da ka faɗa da shi zai yi aiki. Ni ma wata huɗu na yi ina cije baki, ina ganin jarumta ce, ashe kaina nake zalunta, ina zaluntar matata da ke kwana zaune. Ranar da wata nas ta ce in ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, na ce takwas, sai na ga fuskar likitan ta canza. Ya ce, to me ya sa kake ce mini da sauƙi? Tun daga ranar nake da ɗan littafi: ina ne ke ciwo, wane iri ne, suka ko zugi ko zafi, me nake yi ya tashi, nawa ne makinsa kafin magani da bayansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wa mai gyara.

Batun mofin, na sha shi wata bakwai. Da aka yi mini rediyoterafi ciwon ya sauka, aka riƙa rage mini kaɗan-kaɗan har na bari, ga ni ina rubutu. Ɗan ƙwaya maye yake nema, kai kuwa barci kake nema da ikon zama cikin iyalinka. Yadda aka koya mini, a kan lokaci ake shan sa, ba sai ciwo ya turnuƙe ba, kuma akwai ɗan ƙari da likita ke rubutawa wanda nake sha rabin awa kafin wanka ko shiga mota. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko suna wucewa. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, dole a haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko. 'Yata, ki bincika a hankali, ko ki sa wani namiji ya tambaye shi. Wanda ya ajiye mofin a kwana na uku, ina kyautata zaton ba tsoron ƙwaya kaɗai ya sa shi ba. Akwai abin da uba ba ya iya faɗa wa 'yarsa.

Kwanciyar nan kuma ban yarda da ita ba, sai in likita ne ya ce kada ya motsa. Gado na cin tsoka, yana ƙara zubar da ƙashi, yana cin zuciya fiye da komai. Likitan gashin ƙashi ya koya mini tashi: in lanƙwashe gwiwa, in mirgina gefe gaba ɗaya kamar gungume ba tare da na murɗa ƙugu ba, in sauke ƙafafu, in tura jikina da hannu. Na fara da taku goma. Na haƙura da ɗaukar kaya, na haƙura da sunkuyo, jikokina a cinya ake ɗora mini su ina zaune. Na rage tsawo, rigunana duk sun yi mini yawa, wannan ya daɗe yana mini ciwo a rai. Amma ina fita, ina zama da mutane.

Abu ɗaya da ya fi ciwon baya zafi: a tsaya a kanka ana shawara a kanka kamar ba ka wurin. Ku tambaye shi me yake so ya koma yi, ku faɗa wa likita wannan shi ne abin da ake nema.

Mai tambaya:

Baba dattijo, na karanta ina hawaye. Allah ya ƙara maka lafiya. Anti, na kwashe ƙwayoyin, Yaya ya ɗan ji haushi amma da na nuna masa bayaninki ya yi shiru.

Likita, an taɓa maganar Zometa tun farko, aka ce sai an duba wani haƙorinsa da ke girgiɗi, daga nan hidima ta yi mana yawa maganar ta shiririce. Sakacinmu ne. Akwai kuma abin da ban faɗa ba don na ɗauka duk ciwo ɗaya ne: wajen sati uku ke nan yana cewa tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, yatsun kuma kamar minjirya ta kama su. Ko zanin rufa ba ya so ya taɓa su. Ƙarfin ƙafar dai yana nan, fitsari ma lafiya.

Likitan:

Wannan ba ciwon ƙashi ba ne, ya fi kama da na jijiya, kuma Velcade ta shahara da shi. Ki sanar da likitansa kafin allura ta gaba, kada a jira a gama zagaye. In an faɗa da wuri ana rage yawanta, ko a mai da ita sau ɗaya a sati, a kuma tabbatar a ƙarƙashin fata ake yin ta ba a jijiya ba, don hakan ya fi sauƙin illa. In aka yi shiru, lahanin na iya zama. Mofin ba ya kama irin wannan ciwon sosai, magunguna irin su gabafentin ake ba shi, su ma gwargwadon ƙarfin ƙoda. Duk da haka a gwada ƙarfin ƙafafun a asibiti, tunda akwai gaɓoɓin da suka lotsa. Ki duba kuma ko cikin magungunansa akwai asaikulobiya, wadda ake haɗawa da Velcade don kare shi daga ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke bin jijiya su fito a gefe ɗaya na jiki.

Wata uwa mai jinyar mijinta:

'Yata, ni ta wajen mahaifiyarki zan yi magana, don kada a ga kamar mugunta ce ta sa ta hana shi tashi. Wanda ya ga mijinsa ya faɗi sau ɗaya, ƙarar ba ta barin kunnensa. Ni ma haka na yi. Abin da ya sauya mini ra'ayi, likita ya ce Revlimid na sa jini saurin daskarewa, kwanciya kuma na ƙara haɗarin. Shi ya sa ake haɗa ta da maganin tsinka jini. In kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ku tafi asibiti. Ki tafi da Mama wajen likitan gashin ƙashi ta ji da kunnenta abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. In daga bakinki ta ji, gardama za ku yi.

Sannan ki lura da ranakun deksametason. Maigidana ranar da ya sha ba ya barci, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, bayan kwana biyu kuma sai ya yi laƙwas kamar an zare masa laka. Na sha kuka a ɓoye kafin in gane maganin ne. Da safe ake shan sa, kuma yana ɗaga sukari, a riƙa aunawa. Amma in shirun nan da kallon bango ya zarce sati biyu ba sassauci, a faɗa wa likita, ciwon damuwa ma ana maganinsa. Ku nemi a haɗa ku da masu kula da rage raɗaɗi, ba sai an fid da rai ake zuwa wurinsu ba, mu tun shekarar farko muke tare da su. Ke kuma ku raba kwana da Yayanki. In kika faɗi, wa zai riƙe shi?

Mai tambaya, bayan kwana goma:

Na dawo da bayani, don kun cancanci ku ji. An duba ƙoda, ta ɗan taɓu, likita ya ce Allah ya sa an tsayar da ƙwayoyin da wuri, za a sake aunawa sati mai zuwa. Saboda ƙodar ya ce mofin na iya taruwa a jiki, sai ya sauya masa zuwa filastar fentanil da ake mannawa a fata a canza duk awa 72, da maganin sassauta ciki. Baba dattijo, hasashenka ya yi daidai. Ƙanin mahaifina ne ya zauna da shi, ashe kwana biyar ya yi bai kewaya ba a wancan lokacin, yunƙurin kuma kamar bayansa zai tsage, ya kasa faɗa wa kowa.

Na kai littafin, shi da kansa ya ce wa likita bakwai. An rage Velcade, an cire haƙorin, za a jira wurin ya warke kafin maganin ƙashi. An tura mu wajen masu rediyoterafi kan gaɓar bayan nan ta ƙasa. Jiya ya taka daga gado zuwa bakin ƙofa, Mama na biye da shi hannu a buɗe. Da na tambaye shi abin da yake so ya koma yi, ya ce a fitar masa da kujerarsa waje da yamma, ya ga masu wucewa.

Saura matsala ɗaya. An ba shi abin dogarawa mai ƙafa huɗu, ya ce shi ba zai riƙe ba mutane na kallo.

Dattijon:

Alhamdu lillahi. Kada ki matsa masa a gaban mutane, 'yata. Ki ajiye shi gefen gado ta inda yake saukowa, ya fara da shi cikin dare zuwa banɗaki, lokacin da ba mai gani kuma lokacin da aka fi faɗuwa. Ku bar fitila a kunne, ku naɗe duk shimfiɗar da ke zamewa a hanyar. Kujerar kuma a samo mai tsayi da hannuwa, wadda gwiwarsa ba za ta fi ƙugunsa bisa ba in ya zauna, a sa matashi a bayansa. Ranar farko minti ashirin ya isa, ko da ya ce zai ƙara.